Yadda Ɗan Kasuwa Zai Riƙa Auna Tanadinsa Wata-Wata

Wani ɗan'uwa mai sayar da atamfa da shadda a Babbar Kasuwar Katsina ya aiko da tambaya. Ya ce bayan Babbar Sallah ya ƙuduri niyyar tara Naira 1,200,000 cikin shekara guda domin kayan ɗakin 'yarsa, ya raba kuɗin gida goma sha biyu, ya yanka wa kansa Naira 100,000 duk wata. Yau wata huɗu ke nan, abin da ya lissafa Naira 250,000 ne kacal, har da Naira 40,000 da yake bin wasu abokan cinikinsa. Yana tambaya ko ya rage burin, ko kuwa akwai hanyar da zai riƙa sanin inda aka kwana.

Malam, Allah ya sanya alheri a wannan niyya, ya nuna mana lokacin da rai da lafiya. Kada ka rage burin tukuna, domin ma'aunin da kake gwada kanka da shi ne yake buƙatar gyara. Raba kuɗin shekara gida goma sha biyu daidai wa daida lissafi ne na mai albashi, wanda ya san abin da zai shigo masa kowane ƙarshen wata. Kai kuwa cinikinka yana bin yanayi ne, kuma ka fi ni sanin haka. Watanni huɗun da ka ambata duk sun faɗo cikin damina, lokacin da kuɗin mutanen karkara suka tafi ga taki da noma, na mutanen gari kuma hidimar Sallah ta riga ta lashe su. Idan kaka ta yi, aka shigo da amfanin gona, bukukuwa suka kankama, sannan azumi ya gabato aka fara rububin kayan Sallah, abin da kake samu a mako guda yakan kai na wata guda na damina.

Shawarata ita ce ka ɗauko littafin cinikinka na bara, ko ka zauna ka tuna da kyau idan ba ka rubuta ba, ka kasa watannin kashi uku. Misali, watanni huɗu na ƙarancin ciniki ka sa musu Naira 60,000 kowanne, watanni biyar na tsaka-tsaki Naira 90,000, watanni uku na kakar ciniki kuma Naira 170,000. Idan ka haɗa, za ka tarar 1,200,000 ɗin nan ne cif. Da wannan ma'auni, abin da ya kamata ka tara zuwa yau 240,000 ne, ba 400,000 da take hana ka barci ba.

Sai dai akwai gyara a lissafinka, kuma ba zan ɓoye maka ba. Naira 40,000 da kake bin mutane ba tanadi ba ce, bashi ce, kuma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Abin da ka tara a haƙiƙa 210,000 ne, giɓinka kuma 30,000, wanda idan ka ɗora 10,000 a kan kowane ɗaya daga watanni ukun nan masu albarka za ka cike shi ba tare da ka takura wa gida ba. Haka ma adashe: zubin da ka yi kafin kwasarka ta zo za ka iya lissafa shi a matsayin ajiya, amma da zarar ka kwasa da wuri, sauran zubin da ya rage bashi ne a wuyanka, dole ka cire shi daga jimlar.

Ka sami littafi guda irin na 'yan makaranta wanda ba ka rubuta komai na shago a cikinsa, ka ja layuka, ka keɓe rana ɗaya tabbatacciya, kamar Juma'ar ƙarshen wata bayan ka dawo daga masallaci. A ranar ka rubuta abin da ya kamata a ce ya taru, abin da ka gani da idonka a asusu, da bambancin da ke tsakani, sannan ka ƙara jimla guda da ke bayyana dalilin giɓin, ko rashin lafiya ce, ko gudummawar biki, ko bashin da aka hana ka. Wannan jimlar ta fi lambobin amfani, domin bayan wata shida ita ce za ta nuna maka ta inda kuɗinka suke yoyo. Kada kuma ka jira ƙarshen wata kafin ka cire. Naira 2,500 a kullum tsawon kwana 24 ita ce 60,000 ɗin, kuma ta fi sauƙin fita daga aljihu.

Abin da ya fi damuna da 'yan kasuwa masu irin wannan buri shi ne cin uwar kuɗi ba tare da sun sani ba. Mutum yana ganin asusu yana cika yana murna, alhali kantar shagonsa tana ramewa. Saboda haka a ranar lissafin nan ka ƙirga kayanka da turmi da yadi, kada ka ƙiyasta su da naira, domin farashi yana tashi, kuma kaya kaɗan kan yi kama da kuɗi masu yawa. Idan ka fara da turmi 300 a shago, yau kuma 260 ne ba tare da ka riƙe kuɗin sarin sauran 40 ɗin a gefe ba, to jarinka ka kwashe ka zuba a asusu. A irin wannan wata gara ka rubuta cewa ka gaza, ka mayar da kuɗin cikin sari, da ka yaudari kanka da lamba mai kyau.

Farashin abin da kake tarawa dominsa ma yana buƙatar layinsa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, kuma duk wanda ya yi hidimar aure a shekarun nan ya ji a jikinsa. Duk bayan wata uku ka leƙa wurin kafinta da mai katifa ka ji yadda ake ciki. Abin da ba ya lalacewa, kamar kwanuka, tukwane da katifa, idan kuna da wurin ajiya, ku shawarta da mahaifiyar yarinyar ku riƙa saye tun yanzu, kana rubuta kuɗinsa a cikin abin da aka cim ma.

Wurin ajiyar kuma ya zama daban da asusun da abokan ciniki suke tura maka kuɗi, kada ka karɓi katinsa, kada ka haɗa shi da wayarka. Idan kana gudun kuɗin ruwa, akwai bankuna irin su Jaiz da TAJ, kuma tun 2024 hukumar NDIC, mai biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe, ta ɗaga inshorar ajiyar kowane mutum a bankin kasuwanci zuwa Naira miliyan 5, wanda ya haura abin da kake nema nesa ba kusa ba. Ka tuna da zakka ma: idan tanadin da kayan shagon suka kai nisabi, shekara ta zagayo, ɗaya bisa arba'in haƙƙin mabuƙata ne, sai ka tambayi malami yadda za ka fitar, ka sanya shi a lissafi tun yanzu.

A wannan Juma'ar ka buɗe littafin da lamba 210,000, ka ƙirga turamen da ke kanta, sannan ka aika yaronka wurin waɗanda kake bi. Duk abin da aka biya daga 40,000 ɗin, ka cire kuɗin sari ka mayar shago, ribar ce kawai za ta shiga asusu.