Dalilin da ya sa Proctor ya yaga takardar

'Yar'uwa, kin tambayi me ya sa John Proctor ya yarda a rataye shi a wasan kwaikwayon The Crucible na Arthur Miller, alhali sa hannu kawai a takardar amsa laifin maita zai cece shi. Ai ya sa hannun! Da ya ji za a manna takardar a ƙofar coci, ƙaryarsa ta shafa wa abokansa baƙin jini, sai ya yayyage ta. Wurin nan kullum yana sa ni ƙwalla.

Ki duba tushen: Abigail, yarinyar da ta taɓa aiki a gidan Proctor, ta ƙullaci matarsa Elizabeth da ta kore ta daga aiki, ta laƙaba mata maita. Putnam kuwa, wani mai dukiya a garin, gonakin maƙwabta yake hange. Tsoro ya game gari, kowa na nuna wani don ya tsira. A Salem ta gaske, garin Amurka da aka gina wasan a kansa, a 1692, mutum 19 aka rataye.