Miji da mata a jami'a ɗaya: a littafi kawai ake gani?

Tambaya: Malama, na karanta wani littafin soyayya da aka gina labarinsa a Amurka. A ƙarshe jami'a ta ɗauki jarumar aiki, ta kuma buɗe wa mijinta gurbi don kada a raba su. Ni da maigidana muna karatun digiri na uku a can. Da gaske ana yin haka, ko daɗin bakin marubuta ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ana yi, har ma yana da tsari. A 2008 cibiyar Clayman ta Jami'ar Stanford ta fitar da bincike kan malamai kusan 9,000 a manyan jami'o'i 13, ta gano kashi 36 cikin ɗari abokan zamansu ma malaman jami'a ne. Jami'ar da ta ƙi duba miji ko matar wanda take zawarci, sai wata ta ɗauke mata shi. Shi ya sa da yawa suke raba albashin mutum na biyun gida uku na wasu shekaru: sashen da ya ɗauki na farko, sashen da zai karɓi na biyu, da ofishin shugaban harkokin koyarwa.

Da ba haka abin yake ba. Dokar hana ɗaukar dangi aiki ta daɗe tana danne mata. Maria Goeppert Mayer, masaniyar kimiyyar fiziks, ta bi mijinta Jami'ar Johns Hopkins a 1930, aka hana ta kujerar malanta saboda shi yana ciki. Ta yi shekaru tana bincike da koyarwa, wani lokaci ba ko sisi. Sai a 1960 ta samu cikakkiyar kujerar farfesa a Jami'ar California da ke San Diego, shekara uku bayan haka ta karɓi kyautar Nobel a kimiyyar fiziks. Duk lokacin da na tuna shekaru talatin ɗin nan, raina yana ɓaci.

Abin da littafin ya ɓoye miki shi ne halin da na biyun yake shiga. Sau da yawa kwantiragin shekara biyu ko uku ake ba shi, ba gurbin dindindin ba. Ga kuma kallon “albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko” daga abokan aiki, ko da ya fi su ƙwazo. Wannan kallon yana ci wa mutum rai, kuma yakan biyo shi har gida.

Don haka ku zauna tun yanzu ku yanke shawara: wa zai bi wa, kuma har tsawon yaushe? Ni shawarata, kada ku ta da maganar a zaman tantancewa na farko. Ku bari sai tayin aiki ya zo, kafin a sa hannu, domin a lokacin ne jami'a ta fi sauraro. Duk alkawarin da aka yi wa na biyun, matsayi, albashi da tsawon kwantiragi, a rubuta shi a takarda, saboda shugaban sashen da ya yi muku alkawari da baki yana iya sauka baɗi.