Taya mai tiyub ko tubles: wanne ya dace da kekenka?

Malam, ka ce ƙaya ta dame ka da faci a hanyar gona, kana so ka koma tubles, wato taya marar tiyub. Fara duba rim ɗinka tukuna. In irin tsohon Phoenix ko Raleigh ne, kar ma ka soma. Bakin rim ɗin ba zai riƙe taya babu tiyub ba, iska kuma za ta zurare ta ramukan sifok.

In kuwa rim da tayar duk an ƙera su don tubles, sai ka liƙe cikin rim da tef ɗinsa na musamman, ka ɗaura bawul, ka zuba ruwan liƙi, wato ruwan da ke toshe huda daga cikin taya, kamar mililita 60 zuwa 100 gwargwadon faɗin tayar. Iska ake so ta shiga da ƙarfi lokaci guda har ka ji tayar ta yi "ƙwas" ta zauna, shi ya sa nake kai wa mai faci ya hura da injinsa. Na sha cire tsidau daga tayata, ruwan ya ɗan tsarto, ramin ya toshe nan take. Amma fa ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, da bazara ma ya fi saurin ƙafewa, kuma samunsa ba ko'ina ba.

Ni dai shawarata, in keken aiki ne, zauna a kan tiyub. Kafin ka saka, shafa cikin tayar da yatsa a hankali, don sau da yawa ƙayar tana nan maƙale. Ɗan hura tiyub ɗin kaɗan, kuma kar ka tura shi da sukudireba, zai tsunkule shi.