Sati uku ina ƙwanƙwasa goshi, kukan bai tsaya ba

Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyata ta rasu da azumin bara. Har yanzu in keke ya bi da ni ta Ƙofar Doka, inda take tsayawa sayen kayan miya, sai in ji ƙirjina ya toshe. Na ga wata a TikTok tana koyar da ƙwanƙwasa fuska da yatsu, wai EFT, ta ce cikin minti biyar damuwa ke gushewa. Sati uku ina yi safe da dare, shiru kake ji. Ko ni ce ban iya ba?
Maman Hanif, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Mama, Ya sa ta huta.

Ba laifinki ba ne, alƙawarin minti biyar ɗin ne ya yi yawa. Wani Ba'amurke, Gary Craig, ya fito da EFT a shekarun 1990, bayan ya koya wurin masanin halayyar ɗan Adam Roger Callahan. Suna cewa akwai hanyoyin ƙarfi a jiki da bugun gira, ƙasan ido da ƙashin wuya ke buɗewa, amma bincike bai gano hanyoyin nan ba. Ni abin da nake ganin yana aiki shi ne zaman da kike yi, numfashi a hankali, da faɗin abin da ke cin ranki da bakinki. Wannan kan rage faɗuwar gaba na ɗan lokaci. Rashin uwa kuwa ba ciwon kai ba ne.

Kada ki ɗauko "rasuwar Mama" gaba ɗaya. Ɗauki abu guda: ita tsaye a Ƙofar Doka, tana taya tattasai. Kafin ki fara ƙwanƙwasawar, ba wa zafin da kike ji maki daga 0 zuwa 10, ki rubuta a littafi, in kin gama ki sake rubutawa. Daga 8 zuwa 7 ma ci gaba ne. Wata rana zai koma 9, musamman in azumi ya kama. Ki riƙa duba littafin wata-wata, ba kullum ba. Da Babanmu ya rasu, sai da na shekara kafin na iya naɗe dardumarsa.

Amma in barci ya ƙaurace miki, abinci ya ƙi shiga, ko kina jin gara ki bi ta, ajiye yatsun nan. Ki gaya wa maigida ko yayarki, su raka ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika a satin nan.