Kar ka hana su ajaminsu

Wa'alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka. Ka ce a ajin manya na yamma da aka ba ka akwai dattijan da ke fara rubutu daga dama, wasu kuma in ka rubuta kalma a allo sai su kwafe ta da ajami a gefen littafi, kana tambaya ko ka hana su don kar abin ya rikita su. A'a, kar ka hana, ko kusa.

Mutanen nan fa sun riƙe alƙalami tun kafin a haife ka, wasu sun sauke, ɗan kasuwar cikinsu da ajami yake rubuta masu bashinsa kuma ba ya ɓata ko kwabo. Ka ciro ɗari biyar ka miƙa wa ɗayansu ka ga yadda zai karanta maka ajamin da ke jiki nan take, don har yanzu yana kan 200 da 500 da 1000, ƙananan kuɗin ne aka cire wa a 2007. Shi ya sa ni ba na furta "yaƙi da jahilci" a cikin aji, duk da sunan tun shekarun 1950 yake a Arewa kuma ya yi amfani, amma ka ce wa alaramma jahili a gaban jikokinsa? Gobe ba za ka gan shi ba wallahi.

Ka fara da wasulla, nan ne matsalar take. Mai ajami ya saba ya jera baƙi tukuna sannan ya dawo ya sa wasali sama da ƙasa, to sai ka ga ya rubuta maka kasuwa babu a babu u, yana nufin zai dawo musu, sai ya rasa inda zai cusa su. Ka nuna masa a shi ne wasali bisa, i wasali ƙasa, u rufu'a, e imala, bambancin kawai a boko wasali shi ma cikin sahu yake tsayawa kamar kowane harafi. Maganar dama da hagu kuma mai sauƙi ce, ka sa musu ɗigo da jan biro a hagun kowane layi, hannu zai saba.

Kuma ka shirya wa tambayar da ba ta cikin littafin koyarwa. Wani tsoho mai sayar da goro ya taɓa tsayar da ni, ya ce malam, gari na tuwo da gari na mutane duk haka za a rubuta su? Na ce eh Baba, jimla ce ke bambantawa. Ya girgiza kai ya ce su a ajami alif suke sa wa na tuwon, ashe bokon ma da sauransa. Gaskiyarsa kuwa, boko ba ya nuna dogon wasali. Aji ya ɗauki dariya, daga ranar waɗanda kunya ta rufe wa baki suka fara ɗaga hannu, don sun ga su ma akwai abin da suka zo da shi.

Kar ka kira dattijo gaban allo sai in shi ya nema, ka je inda yake ka durƙusa ka duba littafinsa a hankali. In kuma naka ajamin bai nuna ba, ka samu ɗayansu bayan magariba ya biya maka, ko minti goma ne.