Amsa ga ƙanenmu da ke tambayar inda zai aje rigar sanyi a wurin shagali

Ƙanena, ka ce an gayyace ku shagalin ɗalibai, kana tunanin ko ka bar jaket ɗinka gida don kada ta zame maka kaya. Tafi da ita. Sanyin Damagaram na Disamba da Janairu ba ya nuna kansa da magariba. Sai ƙarfe ɗaya na dare, ka fito jiki duk gumi, ka hau kabu-kabu daga Birni zuwa Karkada, iskar hunturu ta daki ƙirjinka. Washegari mura da tari, ga karatu na jiranka.

Amma kafin ka tuɓe ta, kwashe duk abin da ke aljihunta. Nan ne na sha wuya. A shekarata ta biyu a jami'a mun je walimar wani ɗan fadarmu a Zango, aka ce kowa ya jefa rigarsa kan katifa a ɗaki guda. Tawa baƙa ce, ta gwanjo, daga kasuwar Dole, ashe irinta sun fi biyar a wurin. Da muka tashi tafiya babu tawa. Ciki akwai katin ɗalibi, katin ɗan ƙasa, makullin ɗaki da jaka biyar. Daren nan a ɗakin abokina na kwana, da safe na fasa kwaɗo. Sai bayan mako guda wani bawan Allah ya maido mini, ko dala bai taɓa ba; ya ɗauka tasa ce. A lokacin har na riga na je wurin 'yan sanda na yi takardar ɓatan kati.

To ka gani, musanya ta fi sata yawa. Tun daga ranar nake ɗinka jan zare a wuyan rigata ta ciki, kuma ban sake sa ta cikin tarin riguna ba. In ka san mai gidan, roƙe shi ya rataye maka a ɗakin da ake kullewa. In wurin haya ne, ku haɗa naku ku uku ko huɗu a jaka ɗaya, kusa da inda kuke zaune, wani ya tashi wani ya zauna. Salula da kuɗi kuwa aljihun wando na gaba.

Kan moto a waje, kar ka soma. Ko ba a ɗauke ba, ƙura za ta mayar da ita ja. Kuma ka nisanta ta da murhun shayi, don irin jaket ɗin nan mai santsi tartsatsin gawayi ɗaya ya isa ya huda ta.

'Yan'uwa mata sun fi mu dabara a nan: suwaita marar nauyi a naɗe cikin jakar hannu, mayafi mai kauri a kafaɗa. Ni ma yanzu suwaita nake sawa ƙarƙashin kaftani in na san wurin zai cika.