Iyakar Gona: Waya Ba Ta Maye Gurbin Gamba da Shaidu

Ɗana, ka tambaye ni ko har yanzu sai an tara mai unguwa da maƙwabta an zaga iyakar gona an dasa gamba, alhali wayarka na nuna inda ka tsaya. E, sai an yi.

Taurarin ɗan'adam na GPS, tsarin Amurka da ke nuna wa waya inda take, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200, kowanne na aiko da saƙon rediyo ɗauke da lokacin da ya taso. Daga daɗewar saƙon a hanya waya ke gane nisanta da tauraron. Dole ta kama aƙalla huɗu, na huɗun don gyara agogonta, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana gusar da kai mita 300. Wayoyin yanzu suna haɗawa da GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin, amma ko a fili fetal sukan kauce da mita 3 zuwa 5. Wannan kunya huɗu ce ko biyar, kuma an sha zuwa gaban alƙali kan kunya ɗaya.

Ƙarƙashin kuka ko kusa da gini abin ya fi lalacewa, saboda saƙon na karo da abu ya dawo a makare. Bayan faɗuwar rana ma sararin samaniyar yankinmu yakan hargitsa shi. In kuwa wayar ba ta kama taurari ba, da turakun sabis take kintace, kuma a ƙauye kuskuren na iya kai kilomita.

Safiyo, wato mai awon fili, na aiki da na'ura biyu: ɗaya a kafe kan wurin da aka san lambobinsa, tana aika gyara ga wadda ake yawo da ita, har kuskure ya koma 'yan santimita. Ka tambaye shi ma'aunin da ya bi, wato tushen lissafin lambobin wuri a taswira. Tsofaffin takardun Najeriya kan ma'aunin Minna suke, waya kuma kan ma'aunin GPS mai suna WGS84. In aka gauraya su, gona ta gusa da gomman mitoci a takarda.

Duk ƙwarewar safiyo, inda aka nuna masa zai auna. Don haka ranar awo mai unguwa da duk wanda kuka yi iyaka da shi su tsaya a kowace kusurwa, a kafa turken siminti a gabansu, su sa hannu. Idan damina ta kankama, ka dasa gamba daga turke zuwa turke.